Yafiya Ba Ta Hana Tunawa: Tarihin Katolika A Ƙasar Arewa Da Abin Da Za Mu Gaya Wa Yara

A shekarar karatu da ta gabata, wata ranar Talata da hantsi, ina koyar da darasin tarihi a aji shida. Mun kai kan yaƙin Lugu na 1899, na gama bayani ina goge allo, sai wata yarinya da ke zaune a layin gaba ta ɗaga hannu. Ta ce: "Mushe, babana ya ce ku Kiristoci kun yafe wa waɗanda suka ƙona muku coci a Yamai. To in kun yafe, don me kuke ta tuna maganar? Kuma Nasaran da suka ƙona Lugu, su ma sai a yafe musu?" Ajin ya yi tsit. Na ce mata tambayarta ta fi ƙarfin minti biyar ɗin da suka rage mana, amma na yi mata alkawarin amsa. Wannan rubutu shi ne hanyar da na bi kafin in cika alkawarin, kuma na ga ya dace in raba shi da ƴan'uwana malamai da iyayen yara, domin tambayar za ta iya samun kowannenmu a aji ko a tsakar gida.

Ni Ba'are ne, haifaffen Dogon Dutsi, kuma ɗan ɗarikar Katolika. Na yi makarantar horon malamai a Doso, na shafe fiye da shekara ashirin ina koyarwa a garuruwa da ƙauyukan Dogon Dutsi da Tibiri. Ga masu karatu na Nijeriya, in na ce Arewa a nan ina nufin ƙasar Arawa ta jihar Doso a Nijar, wadda Zabarmawa ke kiran mutanenta Mawri. Kusan dukkan ɗalibaina Musulmi ne, haka ma mafi yawan dangina. Saboda haka abin da zan faɗa magana ce ta cikin gida.

Ƙasar da Mishan ta tarar

Tarihin baka ya nuna cewa Gubawa su ne suka fara zama a wannan ƙasa, kuma a hannunsu al'amuran ƙasa da iskoki suke. Sarauniyar Lugu da Baura na Bagaji su ne manyansu, kuma a Lugu ne dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa ƙara a nemi gaskiyar magana. Daga baya Arawa suka zo, waɗanda ke danganta asalinsu da wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari, suka riƙe sarauta da yaƙi. Aka yi zaman da kowa ya san iyakarsa: wannan na da ƙasa, wancan na da mulki. Ko a ƙarni na 19, lokacin da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya canza fuskar ƙasar Hausa, mafi yawan Arawa sun ci gaba da addininsu na gado, ga Sakkwato kuwa kusa da su.

A cikin wannan hali ne rundunar Faransa ta Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta ratso ƙasar a kan hanyarta ta zuwa tafkin Cadi. Ranar 16 ga Afrilu 1899 suka auka wa Lugu, Sarauniya Mangu da mayaƙanta suka tare su da kibau, aka ƙona garin. A watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Labarin ta'asarsu ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe su su biyun a wajen Maijirgi. Amma mutuwarsu ba ta mayar da ƙasar ga masu ita ba. A 1906 Faransawa suka mai da Dogon Dutsi cibiyar mulkinsu a Arewa a maimakon Matankari, daga nan sai haraji da aikin tilas da ɗibar soja.

Na fara da wannan ne domin duk wanda zai ba da tarihin Kiristanci a Arewa da gaskiya, dole ya yarda cewa Bature na farko da kakanninmu suka gani da bindiga da wuta ya zo. Limamin Katolika da ya biyo baya da littafi da magani, fatarsu ɗaya, harshensu ɗaya, kuma kalma ɗaya ce Bahaushe ya ba su duka, wato Nasara. Wannan nauyi ne da Ikilisiya ta ɗauka tun ranar da ta sauka, ko ta so ko ba ta so ba.

Daga 1931 zuwa yau

A 1931 ne Fada François Faroud na ƙungiyar SMA ya buɗe mishan ɗin Katolika ta farko a Yamai. Kafin nan ƴan mishan ɗin SIM, waɗanda ba Katolika ba, sun riga sun sauka a Damagaram tun 1924, kuma su ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950. A 1942 fadar Paparoma ta ware Yamai a matsayin yankin mishan mai zaman kansa, a ƙarshen shekarun 1940 kuma aikin ya koma hannun limaman ƙungiyar Redemptorist. A wannan tsakani ne, a 1947, aka kafa mishan ɗin Dogon Dutsi da makarantarta.

Dalilin zaɓen Dogon Dutsi ba ɓoyayye ba ne. Ƴan mishan sun ga ƙasa ce da Musulunci bai game ba tukuna, suka sa rai azna za su karɓi baftisma da yawa. Abin bai zo haka ba. Hanyar mota, fatauci, ci-rani zuwa Nijeriya da zumunta da maƙwabta suka ja Arawa zuwa Musulunci, cikin shekaru kaɗan masallatai suka cika gari. Wata mai bincike, Adeline Masquelier, ta zauna a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta littafi a 2001 a kan yadda ƴan bori suka ga duniyarsu tana ƙanƙancewa a gaban salla. Kiristoci kuwa suka tsaya ƴan tsiraru. Ƙidayar 2012 ta nuna cewa Kiristocin Nijar duka, Katolika da sauran ɗariku, ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasa ba.

To me Ikilisiya ta yi da ta ga ba za ta yi yawa ba? A nan ne, a ganina, ta koyi darasinta mafi girma. A 1961 Yamai ta zama dayosis, Hippolyte Berlier ya zama bishop ɗinta na farko, ya riƙe har 1984. A zamaninsa ne aka yi babban taron bishop-bishop na duniya a Vatikan, wanda ranar 28 ga Oktoba 1965 ya fitar da takardar Nostra Aetate, inda Ikilisiya ta bayyana cewa tana ganin Musulmi da daraja, masu bauta wa Allah ɗaya, masu girmama Yesu da Maryamu, masu salla da zakka da azumi, ta kuma yi kira da a bar gabar da ta wuce a haɗa kai a kan adalci da zaman lafiya. A Nijar wannan ya zama aikin yau da kullum: makarantu da ɗakunan shan magani da taimakon abinci a shekarun yunwa, ba tare da an tambayi mutum addininsa ba. Makarantar Mishan ta Dogon Dutsi ta yaye ɗalibai masu yawa da suka zama malamai da likitoci da ma'aikatan gwamnati, mafi yawansu Musulmi suka shiga, Musulmi suka fita. A 2001 aka buɗe dayosis ta biyu a Maraɗi ƙarƙashin Bishop Ambroise Ouédraogo. Sai a 2013 aka naɗa ɗan Nijar na farko bishop, wato Laurent Lompo, wanda ya gaji Michel Cartatéguy a kujerar babban bishop na Yamai.

A gidanmu wannan tarihi ya bar tabo. Kakana azne ne har ya koma ga Mahaliccinsa. Mahaifina ya shiga makarantar Mishan, ya karɓi baftisma yana saurayi, wansa kuma ya musulunta ya zama mai kiran salla a unguwa. Da tsohon ya rasu, sai rigima ta tashi a kan yadda za a binne shi, kowanne yana ganin hanyarsa ce daidai, ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da mamacin kansa ya so. Suka yi shekara goma sha ɗaya ba su ga maciji. A yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, ina ɗan shekara biyar, na ga Baba Babba ya shigo gidanmu da dare da ƴan tiyoyin hatsi a buhu. Ya ajiye, ya ce wa mahaifina: "Ƙanena, yaran nan ba su san abin da ya haɗa mu ba. Ka yafe mini." Mahaifina ya durƙusa ya ce: "Yaya, ni ne ƙarami, ni ya kamata in zo." Har suka tsufa suna ba mu labarin rigimar, ba su ɓoye ta ba, kuma dukansu biyu sun yarda cewa wanda suka fi zalunta shi ne mahaifinsu, da suka raina addininsa a kan gawarsa. Wannan bashi ne da mu Kiristoci da Musulmin Arewa muka yi tarayya a cikinsa game da azna, kuma ba mu cika son maganarsa ba.

Waliyyai biyu

Kafin in zo kan 2015, bari in yi bayanin abin da muke nufi da waliyyi, domin ɗalibaina kan tambaye ni ko bauta musu muke yi. Ba ma bauta wa kowa sai Allah. Waliyyi a wurinmu mutum ne da ya rayu ya mutu cikin amincin Allah, aka bincika rayuwarsa shekara da shekaru, sannan Ikilisiya ta ce ga abin koyi, kuma muna roƙon ya taya mu addu'a kamar yadda mutum kan ce wa dattijon kirki ya sa shi a addu'a. Biyu daga cikinsu sun shafi tambayar yarinyar nan.

Ta farko ita ce Josephine Bakhita. An haife ta a Darfur wajen 1869, masu farautar bayi suka sace ta tana ƙarama, tsoro ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Aka sayar da ita hannu zuwa hannu, wata uwargijiyarta ta sa aka tsattsage mata jiki da aska aka cusa gishiri. Daga baya wani jami'in jakadancin Italiya a Khartum ya saye ta, aka tafi da ita Italiya. A 1889 da aka so a mayar da ita Sudan ta ƙi, magana ta je kotu, kotu ta yanke cewa ita ƴa ce, ba baiwar kowa ba. Ta karɓi baftisma a 1890, ta zama Sista, ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947, shekarar da aka buɗe mishan ɗinmu. Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana ta waliyyiya ranar 1 ga Oktoba 2000. An san ta da cewa ta yafe wa waɗanda suka sace ta, har tana yi musu addu'a. Amma a lura: ta yafe, kuma ta ƙi komawa bauta, ta tsaya a gaban alƙali, ta ba da labarinta aka rubuta. Shi ya sa ranar tunawa da ita ta zama ranar addu'a da yaƙi da fataucin mutane. A ƙasarmu da sai a 2003 doka ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatu Mani gaskiya a kan gwamnatin Nijar saboda ta kasa kare ta daga bauta, labarin Bakhita ba na nesa ba ne.

Na biyu shi ne Charles de Foucauld, Bafaranshe, tsohon hafsan soja da ya yi watsi da addini yana matashi. Ganin yadda Musulmi ke salla a Aljeriya da Maroko yana cikin abin da ya farkar da shi ya koma neman Allah. Ya zama limami a 1901, ya zauna a Tamanrasset cikin Abzinawa daga 1905, ya yi shekaru yana tattara ƙamus na Tamashek da waƙoƙinsu. An kashe shi a ƙofar gidansa ranar 1 ga Disamba 1916, a watan da Kawusan ya yi wa Agadas ƙawanya. An ayyana shi waliyyi ranar 15 ga Mayu 2022. Ina ƙaunar sauƙin kansa da yadda ya so ya zama ɗan'uwan kowa. Duk da haka ba na ɓoye wa ƴaƴana cewa mutumin zamaninsa ne, ya goyi bayan mulkin Faransa a Sahara, yana kuma musayar wasiƙu da hafsoshinta. Waliyyi ma yana da abin da za a yafe masa. In mun ɓoye wannan, ranar da yaro ya gano da kansa zai zubar da sauran abin da muka koya masa.

Janairun 2015

Ranar 7 ga Janairu 2015 aka kai hari ofishin jaridar Charlie Hebdo a Paris, aka kashe mutum 12. Ranar 11 ga wata Shugaba Mahamadu Isufu yana cikin shugabannin da suka yi tattaki a Paris. Ranar 14 jaridar ta sake fitowa da zanen da ya ɓata wa Musulmin duniya rai. Washegari Paparoma Francis, a cikin jirgi kan hanyarsa ta zuwa Filifin, ya ce ba a kisa da sunan Allah, kuma ba a cin mutuncin addinin wani. Jaridar nan ta sha zagin Paparoma da Yesu da Maryamu, ba ta Kiristoci ba ce ko kusa. Amma tsohuwar kalmar nan ta Nasara ta sake haɗa mu da Faransa a buhu ɗaya.

Ranar Juma'a 16 ga wata aka fara a Damagaram, aka ƙona coci-coci da makarantar Mishan da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, ɗaruruwan Kiristoci suka fake a barikin soja. Ranar Asabar 17 wutar ta iso Yamai. Ƴan sanda sun ce an ƙona coci 45 a babban birnin, mutum 10 suka mutu a biranen biyu. Mafi yawan cocin Katolika na Yamai sun ƙone, babbar majami'a ta tsira saboda jami'an tsaro sun kewaye ta. Ranar Lahadi ba a yi sujada ba. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku.

Wannan Asabar ɗin ina Yamai, na je bin wasu takardu na sauka a gidan ƙanwata. Da hayaƙi ya turnuƙe unguwa, maƙwabcinta, wani Alhaji mai sayar da kayan gini, ya buga ƙofa ya ce: "Ku fito, ku da yaran, ku shiga wajen iyali." Muka kwana biyu a gidansa. Shi kuwa ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan ƙanwata ya zauna da carbinsa, duk gungun da ya zo wucewa sai ya ce musu gidan ƴarsa ne. Ranar Litinin na je na ga cocin da ƙanwata ke zuwa: rufin ya rufta, kujeru sun zama gawayi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekarun waɗanda na hango ta saman katanga ranar Asabar. Da yawansu ba su wuce sa'o'in yaran da na yaye shekara uku ko huɗu kafin nan ba. Wani malami ne ya koyar da su, ko kuma babu wanda ya koyar da su sam.

A daren Asabar ɗin malaman Musulunci suka fito a talabijin ɗin gwamnati suka yi kira da a kwantar da hankali, suka tuna wa jama'a cewa Musulunci bai yarda da wannan ba. Bishop-bishop ɗinmu kuma suka aika wa al'ummar Musulmi saƙon cewa zumunci yana nan, suka kira Kiristoci ga yafiya da barin ramuwa. Ba zan yi ƙarya ba, ranar da aka karanta mana wannan kira zuciyata ba ta karɓa ba. Na ce a raina, mai rauni ne kawai ke saurin yafewa, tun da ba shi da yadda zai yi. Na daɗe ina kokawa da wannan tunani.

Abin da yafiya take, da abin da ba ita ba

Abin da ya warware mini shi ne komawa ga koyarwar Ikilisiya da kuma abin da na gani a gida. Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, wadda muke yi safe da yamma, ta ɗaure gafarar da muke nema wurin Allah da wadda muke yi wa mutane, ba a samun ɗaya a bar ɗaya. Yafiya ita ce mutum ya sauke niyyar ramuwa, ya daina fatan sharri ga wanda ya cuce shi, ya bar masa ƙofar tuba a buɗe. Wannan aikin zuciya ne, kuma mai ƙarfi da mai rauni duka yana yi musu wuya. Amma a ɗakin furta zunubi, limami ba ya sallamar ɓarawo sai ya yi niyyar mayar da abin da ya sata. Ma'ana, a koyarwar Katolika gafara ba ta soke gyaran ɓarna.

Paparoma John Paul na Biyu ya nuna haka a aikace. Ranar 13 ga Mayu 1981 Mehmet Ali Agca ya harbe shi a dandalin Waliyyi Bitrus. Ya yafe masa tun yana gadon asibiti, ya je ya same shi a kurkuku ranar 27 ga Disamba 1983, amma mutumin ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har 2000. Shi ne kuma Paparoman da ya tsaya a tsibirin Gore na Senegal a 1992 ya nemi gafara a kan cinikin bayi da Kiristoci suka sa hannu a ciki, ranar 12 ga Maris 2000 kuma ya nemi gafarar Allah a bainar jama'a saboda laifuffukan ƴaƴan Ikilisiya a tsawon tarihi. Wanda ya san ana binsa bashi ba ya cika tsanantawa in ya zo karɓar nasa.

Kusa da mu akwai Fada Pier Luigi Maccalli na SMA, wanda ƴan bindiga suka sace a Bomoanga, ƙasar Gurmawa, daren 17 ga Satumba 2018. Ya yi fiye da shekara biyu a hannunsu a cikin Sahara, wani lokaci da sarƙa a ƙafa, aka sako shi a Mali ranar 8 ga Oktoba 2020. Da ya fito ya ce ya yafe musu, ya ce yawancin masu tsaronsa samari ne da ba su yi karatu ba, an cika musu kai da farfaganda ta waya. Kuma ya zauna ya rubuta littafi a kan abin da ya same shi, dalla-dalla. Ya yafe, ya kuma ba da shaida.

Wani abokin aikina Musulmi, da muka yi shekara shida a makaranta ɗaya a ƙasar Tibiri, shi ya ƙarasa mini fahimtar. Ya tuna mini yadda Annabi Muhammadu (SAW) ya yi wa mutanen Makka afuwa ranar da ya ci garin, alhali yana da ikon ramawa. Sannan ya ce: "Malam, ka duba jana'izarmu. Kafin a sa mutum a kabari ana cewa wanda ya saɓa wa ya yafe masa, ana kuma cewa wanda ke binsa bashi ya zo ya faɗa wa magada. Ai ba a taɓa cewa tun da an yafe, bashi ya faɗi." Wannan magana ta fi mini wa'azi goma.

Ga malamai da iyaye

Wutar ba ta mutu ba. A Yunin 2019 an ƙona wata coci a Maraɗi bayan kama wani limami. A Mayun 2022, a kwalejin horon malamai ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, ɗalibai suka kashe wata ɗaliba ƴar'uwarsu suka ƙona gawarta bisa zargin ɓatanci a wani saƙon WhatsApp. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan, Bishop Matthew Kukah ya yi kira da a kwantar da hankali a bar shari'a ta yi aikinta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wurin da abin ya faru: makarantar da ake shirya waɗanda za su tsaya a gaban allo gobe. A gefe guda kuma akwai Liman Abubakar Abdullahi na jihar Filato, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Shi da Alhajin Yamai ɗin nan tarbiyya ɗaya suka sha.

Shawarata uku ce. Ta farko, mu koyar da tarihi cikakke: Lugu da Birnin Ƙonni, da Janairun 2015, da waɗanda suka kunna wuta da waɗanda suka buɗe ƙofa. Yaron da bai ji labari a bakin malaminsa ko mahaifinsa ba, zai ji shi a waya daga bakin wanda ke neman sojan haya. Ta biyu, mu raba wa yara kalmomi. Bafaranshe daban, Kirista daban, kamar yadda ɗan ta'adda daban, Musulmi daban. Yaron da ke zaune kusa da kai a benci bai zana komai a Paris ba, bai kuma sace kowa a Bomoanga ba. Ni ma a wajen ƴaƴana ina da wannan aiki, domin na taɓa jin ɗana yana cewa "su ne suka ƙona mana", na zaunar da shi na tambaye shi ko Baba Babba yana cikin su ɗin, ko Alhajin da ya ba shi wurin kwana. Ta uku, mu koya musu neman gafara ta hanyar yin ta a gabansu. Malamin da ya doki yaro bisa kuskure ya dawo ya ce "ka yafe mini" a gaban aji, ya koyar da abin da babu shi a manhaja. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ranar Juma'a ta wannan mako na cika wa yarinyar alkawari. Na tambayi ajin abin da ake faɗa a wurin jana'iza, suka ba ni amsa da kansu: a yafe, kuma mai bin bashi ya faɗa. Na ce to haka muke da waɗanda suka ƙona coci: ba ma fatan sharri a kansu, ba za mu rama a kan kowa ba, muna tunawa ne domin ku kada ku maimaita. Game da Lugu kuma na ce mata jikokin Voulet ba su ƙona garin kowa ba, ba ma riƙe su a zuci, amma har yau gwamnatin Faransa ba ta fito ta nemi gafara a kan abin da rundunarta ta yi ba, kuma mutanen Lugu da Ƙonni suna da hakkin su ci gaba da faɗin bashinsu. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Mushe, ke nan mai yafewa shi ma yana iya kai ƙara wajen alƙali?" Na ce mata ƙwarai kuwa, na ba ta labarin Bakhita.

Allah Ya ba mu zuciyar yafiya da ƙarfin faɗin gaskiya, Ya raya mana yaranmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.